Wai Yaran Yanzu Ba Sa Son Karatu? An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Muna godiya ga shugabannin zaure da suka ba mu filin wannan mako. Tun kafin mu yi nisa muna neman afuwar iyayenmu malamai da ke cikinmu, domin maganar yau za ta taɓa kowa, har da mu masu rubutun.

Kwanakin baya mun je gida Lakwaya gaisuwar mutuwa. Bayan magariba muna zaune a majalisar ƙofar gida sai ga malaminmu da ya koya mana lissafi a ƙaramar sakandare ya tsaya da tsohon babur ɗinsa, wanda muka sani tun muna aji ɗaya. Ba za mu kama sunansa ba, ba kuma za mu faɗi makarantar da yake yanzu ba, ya isa a ce tana nan yankinmu na Gwarzo da Kabo. Muka tashi muka gaishe shi, muka ce, "Malam, ya ɗalibai?" Ya yi wata dariya mai ciwo ya ce, "Waɗanne ɗalibai? Ai yanzu allo nake koya wa lissafi."

Daga nan ya ɓare baki. A rajista yana da yara sun fi 70 a aji guda, amma ranar kasuwar Getso ko lokacin girbi idan ya samu 20 ya yi sa'a. Waɗanda suka zo ɗin ma, rabi suna bayan aji suna gyangyaɗi, rabi suna leƙen waya a ƙarƙashin benci. Ya ce ya gwada bulala, ta ƙara korar su. Ya gwada nasiha, suna ce masa "to Malam" su tashi kamar ba a yi ba. Ya sayi biro da littafin rubutu da kuɗinsa ya sa gasa, yara uku ɗin da kullum suke ci su suka ci, sauran ko kallo. Abin da ya karya masa gwiwa kuwa, wata rana yana yi wa wani saurayi na babbar sakandare faɗa a kan fashin makaranta, sai yaron ya sunkuyar da kai, cikin ladabi, ba rashin kunya ba, ya ce, "Malam, don Allah kai da ka yi karatun, me ka samu?" Malam ya ce wallahi ya buɗe baki ya rasa ta cewa.

Nan take majalisa ta yanke hukunci. Yaran yanzu malalata ne. Waya ta lalata su. Ba su da tarbiyya. A zamaninmu wa ya isa ya yi wa malami wannan tambaya? Kowa ya tofa, aka yi wa yaran zamani wankin babban bargo, aka sha shayi aka watse.

To mu ba mu yarda ba, kuma dalilin wannan rubutu ke nan. Takaicin Malam gaskiya ne, mun gan shi a idonsa. Amma fassarar da majalisa ta yi wa takaicin nan ita ce ta fi kowace sauƙi, domin tana wanke kowa ta bar laifi a kan wanda ba ya wurin balle ya kare kansa.

A fara da kalmar lalaci. Yaron da ake kira malalaci shi ne wanda da damina yake sammako gona ya yi noma har hantsi kafin ya wanke ƙafa ya nufi makaranta. Shi ne wanda da kaka yake kwana casar waken suya da ɓarzar masara. Shi ne yake karɓar babur ɗin yayansa da yamma ya yi acaɓa tsakanin ƙauyuka har dare. Ka kai shi shagon gyaran waya, wata shida ya iya canja gilashi da wurin caji. Ka tambaye shi 'yan wasan Barcelona ko Arsenal, zai jero maka su har da masu zaman benci da kuɗin da aka saye su. A 2024 da guguwar Hamster Kombat ta taso, mun ga yaran da ba sa iya zaman minti arba'in a aji suna kwana suna danna fuskar waya wata da watanni, saboda an ce musu akwai kuɗi a ƙarshen wahalar. Da aka zo rabo aka ba su abin da bai kai kuɗin data ba, wannan wani labari ne. Abin lura shi ne sun jure. Malalaci ba ya wannan juriya. Yaron yana da himma, makarantar ce kawai ba ya kai wa ita. Tambayar da ta kamace mu ita ce me ya sa, ba wai mu tsaya zaginsa ba.

Babban dalilin, wanda kowa ya sani amma ake kauce masa, shi ne da yawan yaran nan ba su iya karatu ba. Ba muna nufin ba su da ƙoƙari ba. Muna nufin idan ka miƙa musu takarda ba za su iya haɗa baƙi su fitar da jimla ba, da Turanci ko da Hausa. Duk malamin sakandare na karkara da ke cikin zauren nan, mun ƙalubalance shi ya shiga aji uku na ƙaramar sakandare gobe ya ɗauki littafin 'yan aji uku na firamare ya bi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo nan ya faɗa mana abin da ya gani tsakaninsa da Allah.

Yanzu ka sa kanka a matsayin wannan yaro. Shekararka 16, gemu ya fara tsiro, a gida ana shawara da kai, a gona kai ne ƙarfin gandu. Ka shigo aji, malami ya cika allo da bayani da Turanci a kan abin da ba ka taɓa gani ba, ya ce a kwafa. Kana kwafa harafi bayan harafi kamar mai zanen hula, ba ka san me ka rubuta ba. Sai ya nuna ka ya ce tashi ka karanta, ga ƙannenka a ajin, wataƙila ga yarinyar da kake so ta taga. Me za ka yi? Ko ka yi shiru a yi maka dariya, ko ka nuna kai ma ba ka damu ba. Yawancin samari na biyun suke zaɓa, domin a wannan shekaru gara a ce maka gagararre da a ce maka daƙiƙi. Wannan ko-in-kula da ke cin ran Malam, sau da yawa kunya ce ta sa rigar taurin kai.

Yaya aka yi yaro ya kai babbar sakandare bai iya karatu ba? Mu muka tura shi. Kowane ƙarshen shekara ajin gaba ɗaya ake kwasa a ciyar gaba, wanda ya ci da wanda ya faɗi, saboda na baya suna tafe kuma babu wurin ajiye kowa, saboda uba zai zo ya yi rigima idan aka ce ɗansa ya maimaita, saboda shugaban makaranta ba ya son a ce makarantarsa ana faɗuwa. Abin mamaki, mu da muke wannan aika-aika mun fi kowa sanin ba haka ake koyarwa ba. A makarantar allo da duk muka yi, wane alaramma ne yake bari ka wanke allonka ba ka biya ba? Wa aka taɓa kai wa farfaru bai gama babbaƙu ba? Yara hamsin a tsangaya ɗaya, kowa da inda allonsa ya tsaya, ba a haɗa su a ce yau duk sura kaza za a yi don shekarunsu ɗaya. Tela ba ya ba yaronsa yankan shadda bai iya ɗinka aljihu ba. Makanike ba ya yaye wanda bai iya kwance kafireta ba. A boko kaɗai muka yarda a ɗora hawa na tara a kan ginin da ba shi da tushe, sannan mu zo muna mamakin tsagewar bango.

Kada wani ya ce wannan tunanin ƙauye ne. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta shahara a duniya da tsarin da ba komai ba ne illa wannan: a gwada kowane yaro, a raba su gwargwadon inda karatunsu ya tsaya ba gwargwadon ajinsu ba, a ware lokaci kullum a koya musu daga nan. An kawo tsarin nan jihar Kano da sunan KaLMA, aka gwada shi a firamaren ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil. Dawakin Tofa ba Indiya ba ce, nan ce kusa da mu. Abin da alarammomi suke yi tun kaka da kakanni ne ya zagaya duniya ya dawo mana da sunan Turanci. Mene ne zai hana a yi wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare irinsa, a zangon farko, kafin a fara yi musu maganar x da y?

Sai batun harshe, wanda ya fi shafarmu mu marubuta. Yaron Lakwaya da Hausa yake mafarki, da ita yake ciniki, da ita yake lissafin buhu da tiya ba ya kuskure. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a firamare, ba mu gan ta a ƙasa ba, a 2025 kuma aka ce an soke ta. Ana can ana kai-kawo a Abuja, a ajin Malam abin da ke faruwa daban: rubutu a allo da Turanci, bayani da Hausa, jarrabawa da Turanci, yaro ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Wani zai ce, to ai tsoron faɗuwa jarrabawa ya isa ya sa yaro ya dage. Wace jarrabawa? Mu daina yaudarar juna. Tun daga kwalifayin da ake yi a aji biyu na babbar sakandare don gwamnati ta biya wa ɗalibi kuɗin NECO, har zuwa NECO ɗin da WAEC, yaro ya ga yayyensa da ba su iya rubuta wasiƙa ba sun fito da kiredit jere. Ya san ana haɗa kuɗi. Ya san akwai cibiyoyin da ake komawa idan aji shida ya zo, inda amsa take zuwa har kan benci. Ya san wani lokaci uban da ke zaginsa a kan rashin karatu shi ne zai sayar da akuya ya biya kuɗin "taimako". Ba muna cewa kowace makaranta haka take ba, akwai shugabanni da malamai da suka tsaya kai da fata suka ƙi, kuma suna shan tsangwama a kan hakan. Amma yaro ba wawa ba ne. Idan wanda ya kwana karatu da wanda ya kwana kallon TikTok takarda iri ɗaya za su karɓa, wa'azin me za ka yi masa? Gaskiyar takan fito ne a gaban kwamfutar JAMB, inda a 2025 sama da ɗalibai miliyan 1.5 cikin kimanin miliyan 1.9 suka kasa kai maki 200 cikin 400. A lokacin kuwa an makara, ihu ne bayan hari.

Yanzu mu koma ga tambayar da ta ɗaure Malam: kai da ka yi karatun me ka samu? Yaron bai ƙirƙiro tambayar nan ba, a bakinmu ya ji ta. Yana ganin malaminsa yana cin bashin masara kafin 20 ga wata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, malamin da aka tura ƙauye daga Gwarzo ko daga cikin Kano kusan a tanki albashinsa yake ƙarewa, mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da jiha ta sa a 2024 kuma kowa ya san abin da zai iya saya a kasuwa. Yana ganin yadda ƙasa ta ɗauki aikin koyarwa: a 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, na kwalejin ilimi 100. Mu 'yan kwalejin fasaha ma a layin 100 ɗin aka ajiye mu, don haka ba gori muke yi ba. Amma saƙon a fili yake, wanda ya rasa ko'ina shi ake turawa ya koyar da 'ya'yanmu. Sannan yaron ya waiga ya ga abokinsa da ya bar makaranta ya bi 'yan siyasa yana jagaliya an ba shi sabon babur bayan zaɓe. Ya waiga ya gan mu, masu difloma da digiri, zaune a benci da rana tsaka muna cewa boko ba ta da rana, kwali ya zama na naɗe tsire. Mu muke faɗa, a gabansu, kullum, muna dariya. Sannan mu ne muke juyowa mu ce ba sa son karatu. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?

Ta 'yan mata kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Yarinyar da tun tana aji huɗu aka fara tara mata kwanuka, kuma ta san da wuya a bar ta ta wuce sakandare, me zai sa ta fasa kanta a kan kimiyyar sinadarai? Duk da haka malamai da yawa za su gaya maka su ne suka fi zuwa, su ne suka fi yin aikin gida. A yi tunani a kan wannan.

Ba mu wanke yaran tas ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai waɗanda gidansu da rufin asiri, sun iya karatu, ba gona ba acaɓa, iskanci ne kawai da kwana a waya, wasu har da shaye-shaye. Waɗannan sai iyaye sun tashi tsaye, malami ba zai yi a awa shida abin da aka kasa a awa goma sha takwas ba. Haka nan ba mu wanke malamai ba. Mun yi karatu a hannun malamin da zai miƙa wa monita tsohon littafinsa ya ce a rubuta a allo, shi kuma ya koma gindin bishiya hira. Mun ga wanda sai Talata yake zuwa, Alhamis ya gudu. Mun ga wanda ba ya buɗe baki sai da "jakai" da "daƙiƙai". Yaron da aka kira jaki shekara shida, ranar da ya yarda shi jakin ne kada a yi mamaki. Amma waɗannan ba su ne Malam ba, kuma abin baƙin cikin shi ne tsarin bai bambanta shi da su ba: albashi ɗaya, ƙarin girma ɗaya, ba mai zuwa ya duba wa ya koyar wa ya yi barci. Shi ma Malam, idan aka duba, ciwon da ke damun ɗalibansa ne yake damunsa. An raba ƙoƙarinsa da sakamako.

Gwamnati fa? Gwamnatin Ganduje ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, an ware wa ilimi kaso mai tsoka a kasafi, an gyara azuzuwa, an raba kayan makaranta, an ɗauki malamai. Ba ma raina wannan, wanda ya yi karatu a ƙasa a ajin da rufinsa ya yaye ba zai raina benci da kwano ba. 'Yan siyasar zauren nan kuma don Allah kada ku mayar mana da sharhi filin ja da fari, ba wannan ya kawo mu ba. Abin da muke cewa shi ne fenti ba ya koya wa yaro haɗa baƙi. Ana ƙirga azuzuwan da aka gina, ana ƙirga yaran da aka yi wa rajista, ana ƙirga kiredit. Wa yake ƙirga yaran da suka iya karanta shafi guda su faɗi abin da ya ƙunsa? A fito da wannan adadi makaranta bayan makaranta, a liƙa a ƙofar ofishin ilimi na Gwarzo da na Kabo, kowane uba ya gani. Jihar da ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, ta ɗebo 'ya'yan talakawa daga ƙauyuka ta mayar da su likitoci da injiniyoyi, ba za a ce ba ta san yadda ake sa yaro ya yi karatu ba. Yaran can sun dage ne saboda an tace su da gaskiya, an koyar da su da gaskiya, kuma sun hango inda hanyar ta nufa.

Saura mu. Mu da muke kiran kanmu marubuta, muna taro muna karrama juna, muna kukan ba a sayen littafi. Wa zai saya? Masu karatun da muke jira su ne waɗannan da ke bayan ajin Malam suna zanen haruffa. A cikin Gwarzo akwai reshen kwalejin fasaha ta jiha, makarantar nazarin muhalli, ga ɗalibai, ga mu da muka gama muke zaman jiran aiki daga Getso zuwa Kutama zuwa Garo. Ba mu da kuɗin gina aji, amma mun iya karatu, kuma awa biyu a mako ba za ta kashe mu ba. Mun san abin da za a ce: wannan aikin gwamnati ne, don me za mu ɗauke mata? Gaskiya ne aikinta ne, kuma ba za mu fasa binta bashi ba. Sai dai yaron da ke aji ɗaya bana ba zai tsaya cak yana jiran mu gama rigima da gwamnati ba, baɗi war haka an tura shi aji biyu da jahilcinsa.

Kafin mu baro gida mun koma wurin Malam. Muka roƙe shi ya ware mana yaran da ya tabbatar ba sa iya karatu, ba tare da an shelanta a taron safe an kunyata su ba, mu zauna da su ranar Asabar, mu fara da Hausa, daga baƙi da wasali, da labaran da za su so jin ƙarshensu. Ya yi shiru ya dube mu, ya ce ya ga masu zuwa da zafi irinmu da yawa, mako uku suke yi su ɓace. Muka ce ya gwada mu. Ya ce zai yi magana da shugaban makaranta da iyayen yaran, amma sai bayan an gama girbi, don yanzu ko Asabar ɗin ba za a sake su ba.

Zuwa yanzu mu huɗu ne. Duk ɗan yankin Gwarzo ko Kabo da ke cikin zauren nan da zai iya ba da Asabar biyu a wata, ya ajiye suna a ƙasa ko ya tuntuɓi shugabannin zaure. Masu littattafan yara na Hausa da ke jibge a gida, ko sun tsufa muna so. Malam ya ce a gaya wa duk mai zuwa ya taho da allinsa, na makaranta ya ƙare tun tsakiyar zango.